Mai ciki da bitamin D

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, ga rana kamar ta ƙona mutum, amma mai ciki na fama da ƙarancin bitamin D. Jiki na samar da shi ne in rana ta taɓa fata, ita kuwa wuni a ɗaka, in za ta fita kuma jiki a rufe. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta aiki.

In babu bitamin D, hanji ba ya tsotse kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, sosai, jiki sai ya ciro daga ƙashin uwa. Daga nan ciwon ƙugu, nauyin cinya, tashi daga tabarma sai da dafa bango. Jariri kan iya samun jijjiga a kwanakin farko, ko ƙashinsa ya yi laushi, ƙafa ta gwame.

'Yar'uwa, ki zauna a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙwauri a buɗe. Baƙar fata ta fi buƙatar lokaci. Ki ci kifi titus, sadin, gwaiduwar ƙwai. Bukatar kullum IU 600 ce (IU ma'aunin bitamin ne), kada ki wuce 4,000 sai da izinin likita. Man hantar kifi kuwa ki bar shi, bitamin A ya yi masa yawa, yana cutar da ɗan tayi.