Shekaruna a Adis Ababa, Inda Hannun Gwamnati Ke Cikin Komai

Na sauka a filin jirgin sama na Bole da daminar 2019, kuma sanyi ne ya fara tarbata, domin Adis Ababa, babban birnin Habasha, tana kan tudu ne da tsayinsa ya haura mita 2,300. Aikin akanta ne ya kai ni, a wani kamfani da ke shigo da sinadarai domin masana'antun jima na garin Mojo. Ban daɗe ba na saba da injera, abincinsu mai kama da sinasir, da kalandarsu mai wata 13, da agogonsu da ke fara ƙirga daga fitowar rana. Abin da ya jima yana ɗaure mini kai shi ne, duk inda na juya sai na tarar da gwamnati ta riga ni zuwa.

Jirgin da ya ɗauko ni daga Kano nata ne, kamfanin waya ɗaya tal da ake da shi a lokacin nata ne, banki mafi girma nata ne, kuma gidan da na kama haya yana cikin rukunin benayen da ta gina ta raba wa jama'a ta hanyar ƙuri'a. Hatta ƙasar da ake takawa, tsarin mulkin 1995 ya ce mallakar hukuma da al'umma ce, ba a sayarwa, ba a saye. Ni kuwa na tashi ne a gidan ma'aikacin masaƙa a Kakuri, na ga halin da masana'antu suka shiga bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, na kuma ga kamfanin jiragen Najeriya ya durƙushe, saboda haka na zo da yaƙinin cewa duk abin da gwamnati ta sa wa hannu, lalacewa yake yi. Sai ga kamfanin jiragen Habasha, wanda ya fara tashi a 1946, ya zama mafi girma a Afirka alhali yana hannun hukuma.

Wanda ya fara warware mini zaren shi ne maƙwabcina, wani dattijo malamin makaranta mai ritaya, wanda nake kira Gashe kamar yadda ake girmama manya a can. Wata Lahadi, matarsa tana soya gahawa a kan garwashi, turare yana tashi, sai ya ɗauko wata takarda daga cikin leda ya shimfiɗa mini a kan tebur. Takardar lamuni ce ta babbar madatsar ruwan da aka aza harsashinta a kan Shuɗin Nilu a 2011, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka ba da albashin wata guda domin ginin. Ya ce mini, "Ɗana, babu mai ba mu bashin wannan aiki, shi ya sa muka gina da kanmu." Ya bayyana mini cewa tsohon firaministan ƙasar, Meles Zenawi, ya ɗauki darasinsa ne daga Koriya ta Kudu da Taiwan da Sin, wato a ƙasar da attajirai ba su da yawa, dole hukuma ta tattara ɗan abin da ake da shi ta zuba a hanyoyi da lantarki da makarantu, maimakon ta jira kasuwa. Kuma ba zance ne na fatar baki ba: shekaru goma sha wani abu daga 2004, tattalin arzikin ƙasar yana bunƙasa da kusan kashi 10 cikin ɗari a shekara, an buɗe jirgin ƙasa na cikin birni a 2015, an buɗe layin dogo zuwa Jibuti a 2016.

Sai dai a ofis na ga ɗaya fuskar lamarin. Yawancin waɗannan ayyuka da bashin waje aka yi su, wanda da dala ake biya, alhali abin da gahawa da riɗi da furanni suke kawowa bai kai ba. Tun da a lokacin hukuma ce ke yanke farashin dala, ita ce kuma ke tsara wanda za a fara ba wa, sai aka koma layi. Mun taɓa shafe watanni takardunmu suna banki, ina zuwa kowane mako ana ce mini in dawo. Na je wata masana'anta da ke jiran kayanmu, na tarar da fatun tumaki jibge cikin gishiri har kusan rufi, wasu sun soma wari, gangunan jima a tsaye, rabin ma'aikata an ce su zauna a gida. A kasuwar bayan fage kuwa dala tana nan, a kan kusan ninki biyu na farashin banki. A Disambar 2023 ƙasar ta kasa biyan kuɗin ruwa a kan bashinta na dala biliyan ɗaya.

Akwai kuma batun ƙasa, wanda ya fi taɓa mini zuciya. Direban ofishinmu ɗan ƙabilar Oromo ne, kuma gonar iyayensa ta bakin birni yanzu benaye ne a kanta, diyyar da aka ba su ba ta kai ko'ina ba. Irin wannan ƙorafi ne ya hura wutar zanga-zangar da ta sa aka soke shirin faɗaɗa birnin a farkon 2016, bayan an rasa rayuka da yawa. Ba zan iya kallon sababbin tituna ba tare da na tuna da shi ba.

A gaban idona aka soma sassautawa. Safaricom, kamfanin waya na Kenya, ya fara aiki a ƙasar a 2022, sannan a ranar 29 ga Yulin 2024 aka saki kuɗin ƙasar, wato bir, kasuwa ta yi masa farashi, a ƙarƙashin yarjejeniyar dala biliyan 3.4 da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Dalar da take bir 57 ta haura 100 cikin 'yan makonni. Mu a kamfani mun samu sauƙi, domin dala ta fara samuwa ko da tsada, amma fanshon Gashe bai motsa yadda farashin man girki ya motsa ba, kuma na lura nama ya yi ƙaranci a gidansa. Na san wannan raɗaɗi, domin 'yan'uwana a Kano sun ɗanɗana shi bayan sakin naira a 2023. Na yarda sakin ya zama dole, amma ban yarda an yi adalci wajen raba nauyinsa ba.

A Satumbar 2025 aka ƙaddamar da madatsar, mai ƙarfin megawat 5,150, muka kalli bikin a talabijin ɗin Gashe. Ya yi hawaye, ya sake ɗauko takardar nan, wadda har yau bai je ya karɓi kuɗinta ba. Bayan an gama, sai ya ce mini ƙauyen da aka haife shi a Gojjam, yankin da kogin ya kewaye, har yanzu bai samu lantarki ba, kuma yana so ya ga an ja waya zuwa can kafin ya bar duniya.