Abin da ƙirgi ya faɗa mini

Shekara 3 na yi ina aiki a bayan kwata, inda ake tara abin da mahauta suka gama da shi: jini, ƙashi, ƙaho, kofato, kitse da ƙiraga. Jinin mukan tafasa shi a rabin duro har ya dunƙule, mu matse, mu shanya, a niƙa wa masu kiwon kaji. Ƙashi a ƙona shi ya yi fari fat, shi ma a niƙa, don kajin ƙwai su sami abin yin ɓawo mai ƙwari. Kitse ya tafi wajen masu sabulu. Na shiga aikin ina toshe hanci, ina ganin ba ruwana da dabba mai rai, tunda sai an gama da ita take isowa hannunmu.

Maigidana, tsohon majemi ne, shi ya raba ni da wannan tunanin. Wata safiya ya shimfiɗa ƙirgin wani bijimi, ya birkito cikinsa sama, ya ce, "Zo nan, yaro. Me ka gani?"

Na ce, "Baba, ƙirgi na gani."

Ya kama yatsana ya bi da shi kan wasu dogayen shati a gadon baya: tsumagiya ke nan. Ya nuna jinin da ya kwanta baƙi ƙirin a kafaɗa da ƙugu, inda dabbar ta yi ta gogar ƙarfen mota. Ga tabon lalas a cinya, ga hudojin kaska birjik. Ya ce, "Wannan bawan Allah ya sha wuya tun kafin ya ga wuƙa." Tun daga ranar ban ƙara ɗaga ƙirgi ban duba ba, kuma sau da yawa ina iya gane wanda aka yi wa cunkoso a tirela. Ka tuna shanun da ake lodawa a karar Maigatari ko Potiskum ana nufar Legas da su: tafiyar sama da kilomita 1,000 a tsaye, ƙaho na sukar haƙarƙarin na kusa, wanda ya durƙusa kuma a tattake shi.

A da can fata mai tabo asara ce. Fatar jar akuyar Sakkwato da Turawa suka sani da sunan fatar Maroko, saboda ta can fatake ke ratsa Sahara da ita, tsabtarta ce ta sayar da ita, kuma har gobe masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da ke Kano sai sun tantance kafin su saya. Amma ƙirgin saniya yanzu in ya lalace sai a babbake shi a yi ganda, kuɗi ya fito. Wannan shi ya fi damuna game da sana'armu. Muna hana almubazzaranci, gaskiya ne, sai dai tunda komai ɓacin abu muna saya, mai dukan dabba ba ya jin zafin dukan a aljihunsa.

Akwai ranar da aka kawo mana mushen saniyar da ta mutu a hanya, aka ce mu sa a duro da araha. Baba ya ce allambaran. Wani likitan dabbobi da ke zuwa duba nama ya taɓa ba mu labarin ciwon haukan shanu da aka gano a Ingila a 1986, wanda ya bazu ta garin nama da ƙashi da ake ba shanu, har aka hana hakan a 1988. Baba bai san Ingila ba, amma ya riƙe labarin gam.

Abin da har yau ban saba da shi ba shi ne ɗan tayi. Sai a farke saniya a tarar da ɗan maraƙi har ya fara gashi, a jefo mana shi cikin tarkace. Ga tumbin da ake buɗewa a ciro dunƙulen leda kamar ƙullin tsumma, ka gane me ya ramar da ita. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka, kuma mahautanmu sun haddace wannan. Ni dai na ga wahalar takan faro tun daga kara.

Na bar aikin, amma bara da na je sayen ragon layya na ga yaron dillali yana jan wani da ƙafar baya, kansa na bugun ƙasa. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba, na ce, "Ɗan'uwa, sake shi, kawo igiyar in ja da kaina."