Abin da aikin tayil ya koya mini game da daɓen da ke ƙarƙashinsa

Mai gida yakan shafe makonni yana zagaya kantuna domin zaɓen launin tayil, amma da wuya ya tambayi magini yadda aka cike ƙasar ɗakin da za a shimfiɗa shi. A shekarun da na yi ina wannan sana'a, yawancin gyaran da ake kira na in yi, wato tayil da ya tsage, ko ya kumbura, ko yake amsa amo kamar ganga idan an ƙwanƙwasa shi, asalin cutarsa tana can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Daga ciko matsalar take farawa. Bayan an ɗaga harsashi, ƙa'ida ita ce a zuba jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce kaurin santimita 15, a yayyafa masa ruwa, a kirɓe shi da inji ko da madaɓi mai nauyi kafin a zuba na gaba. Abin da aka fi yi kuwa shi ne tifa ta juye ƙasa, leburori su baje ta gaba ɗaya, su tattake samanta. Irin wannan ciko yakan ci gaba da sauka a hankali, musamman bayan damina ta ratsa shi, har kankaren ya zama yana rataye a kan kogo. Saiwar itace da guntayen katako da ake binnewa a ciki suna ruɓewa su bar rami, katakon kuma gayyatar gara ne. Inda ƙasa take baƙar laka mai kumbura da damina ta dare da rani, kamar yadda ake samu a sassan Borno da Gombe, sai an kwashe ta an sauya da wata, kuma wannan magana ce ta injiniya.

A kan cikon ake shimfiɗa leda mai kauri, a ɗora bakin wata a kan wata, kafin a zuba kankaren da magina ke kira jaman fulo, mai kaurin santimita 10 zuwa 15, da haɗin kwanon siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Kuɗin ledar ba shi da yawa, amma ita ake fara sokewa idan aljihu ya yi zafi. Idan babu ita, danshi yakan taso ta cikin kankare, ya fito da fari-fari irin na kanwa a tsakanin tayil, ya sa kafet wari, ya kumbura daɓen katako.

Darasin da ya fi yi mini wuyar aiwatarwa shi ne jira, domin ba da siminti ake gardamarsa ba, da mai gida ake yi. Kankare yana samun ƙarfi ne ta hanyar haɗuwar siminti da ruwa, saboda haka yana bukatar ban ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake ɗaukar cewa ya kai ƙarfin da aka auna masa. Da hunturu abin ya fi tsanani, saboda iska tana shanye ruwan saman kafin cikin ya kama. Bayan ƙarfi kuma akwai bushewa, wadda aba ce daban: kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, tayil kuwa ba ya tsukewa tare da shi, shi ya sa wanda aka manna da wuri yake ɗagowa ko ya tsage. Ƙa'idar da nake bi ita ce mako 6 ga kankare, sannan mako 3 ga shafen yashi da siminti da aka yi a kansa. To amma an sa ranar biki, amarya za ta tare, sai ka ji an ce, "Malam, ai ya bushe, duba yadda ya yi fari." Na daina musu da baki. Nakan ce, "Alhaji, a yi mini haƙurin kwana ɗaya," in manna ƙyallen leda a daɓen, in liƙe gefunanta huɗu, in bar ta ta kwana. Idan da safe ta yi gumi, ko wurin ya yi duhu, shi da kansa yake ɗage aikin.

Iyayenmu mata da suka yi daɓen gargajiya sun san wannan tun kafin siminti ya shigo gari, domin tsakuwa suke zubawa su yi ta bugu da madaɓi, suna shayar da ita ruwan makuba, kuma ba a shigar da gado sai daɓe ya kama.

Sauran aikin na awo ne da tsabta. Nakan zagaye bango da tiyon ruwa na auna daidaito in buga alama a tsayin mita 1, daga nan nake auna kowace kusurwa. Idan aka kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2, ratar da ke ƙarƙashinsa kada ta wuce milimita 3, musamman ga manyan tayil masu santimita 60, waɗanda ba sa yafe tudu ko kwari. Gangaren banɗaki a wajen shafen yashi da siminti ake fitar da shi, ya nufi magudana. Idan tsohon daɓe ne, sai a bi shi da guduma, a fasa duk inda ya yi kogo, a sassaƙe mai santsi, a kankare fenti da maiƙo, a share ƙura, domin siminti ba ya kama datti. A jikin bango kuma a bar 'yar rata wadda tayil ɗin gindin bango zai rufe.

Bututun ruwa da ke bi ta ƙarƙashin ɗaki ba na yarda a binne su sai mai aikin famfo ya cika su da ruwa, an toshe bakinsu, sun kwana ba su yi yoyo ba, kuma nakan nemi mai gida ya ɗauki hotonsu da waya yadda suke kwance kafin a zuba shafe.