Reza da damina a Jos

Ni dai tun da na gaji abin askin marigayi babanmu, na ƙarfen nan mai gida uku da ake kwancewa a sa reza mai baki biyu a ɗaure, na daina sayen na roba. Amma daminar farko wallahi na sha wuya. Aski biyu kawai sai reza ta fara jan gemu kamar ana figar kaza, wuyana duk ƙuraje, ni kuma ina ta zagin masu kamfani a raina wai sun rage inganci.

Ashe laifina ne. In na gama aski sai in ɗan watsa masa ruwa in jefa shi cikin kofin roba a banɗaki tare da buroshi, kofin nan kuwa kullum da guntun ruwa a gindinsa. Kuma kowa ya san Jos a watan Yuli da Agusta, shanya ma sai ta kwana biyu ba ta bushe ba balle lungun banɗakin da rana ba ta leƙawa. Ranar da na kwance shi don in canza reza na ga abin ƙyama, busasshen sabulu da guntayen gashi sun daskare a ƙarƙashin murfin, ga jan tsatsa ya zagaye ramin tsakiya.

Na kai rezar wurin wani tsohon wanzami da ke zama kusa da masallacinmu a Anguwan Rogo, ya juya ta ya kalla ya ce "Ɗan nan, ba gemunka ne ya cinye ta ba, ruwa ne." Na ce Baba ai an rubuta sitenles, wato ƙarfen da aka ce ba ya tsatsa, a jikin takardar. Dariya kawai ya yi, ya zaro askarsa daga zabira ya nuna min, tana naɗe cikin tsumma mai maiƙo, ya ce ta girmi aurena.

Daga baya na karanta na gane cewa rezar da King Gillette ya samu lasisinta a Amurka a 1904 ƙarfe ne mai saurin tsatsa, sai wajen 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya yaɗa ta sitenles. To ita ma sitenles ɗin jinkirta tsatsa take yi, ba wai ba ta yi sam ba, kuma bakin reza siriri ne sosai, lalacewar da ido bai gani ba fatar wuya za ta ji ta.

Yanzu in na gama sai in sassauta hannun, in ɗauraye da ruwan ɗumi har sabulun ya fita tas, in yarfe, in kwance shi gaba ɗaya in ɗora rezar kan tawul in ɗan danna ta a hankali. Dannawa fa, ba gogewa ba. Nan na fi yin kuskure da farko, ina ta goga bakin da tawul wai ni mai tsafta, alhali akwai wani shafi mai santsi da ake yi wa bakin irin na tukunyar da ba ta kamu, gogewa na cire shi, ga kuma yankan yatsa, na yanke sau biyu kafin na yi hankali. Da damina nakan tsoma ta cikin sifirit na kemis don yana kore ruwa kuma nan da nan yake bushewa, sai ɗigon man zaitun in zan yi kwanaki ban yi aski ba. Da hunturu kam ba na ma wahalar da kaina, iskar Jos ta isa.

Banɗaki kuwa na raba rezoji da shi. Sababbin suna cikin takardarsu a wani gwangwanin alawa a saman wadirob inda hannun yara bai kai, na jefa 'yar jakar ƙwayoyin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Reza ɗaya yanzu tana min aski biyar, wani lokacin shida in gemun bai yi yawa ba.

Da Sallah ƙanena ya zo ya ce "Yaya ara min abin askinka", na ɓare masa sabuwa na ce ya je da ita, ya ɗan ji haushi amma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a raye a busasshen jini, ba zan yi kara a nan ba.

Tsofaffin kuma da a bola nake jefawa, har ranar da uwargida ta ce "Baban Ummi, yaran da ke tonon bolar nan fa da hannu suke yi." Sai na samo gwangwanin madara na tsaga masa 'yar kafa a sama kamar asusu. Shekara biyu ke nan ko rabi bai yi ba, Ummi dai har yanzu tana zaton kuɗi nake tarawa a ciki.