Yara biyu, takarda iri ɗaya

Shekara uku ke nan ina koyarwa a ajin yara masu buƙata ta musamman a wata makaranta a Gyaɗi-Gyaɗi. Cikin ɗalibaina akwai biyu da takardar asibiti ta ba su suna ɗaya: otizim, abin da a rediyo ake kira galahanga. Namijin, ɗan shekara tara, ya haddace izu biyar, amma da an tayar da janareta sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin benci. Macen kuwa ba ta taɓa cewa "Umma" ba, har yau ana sa mata famfas, bayan hannunta ya yi kanta saboda cizo.

Da na fara karatu a kan lamarin, sai na tarar likitocin waje ma gardamar da suke yi ke nan: ko ya dace suna ɗaya ya haɗa yara masu bambanci haka. Yara 11 kacal masu wannan lalura wani likita mai suna Leo Kanner ya bayyana a 1943. A 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya haɗe ciwon Asperger, wato nau'in masu iya magana, da sauran nau'o'in a suna guda. Ƙididdigar can ta tashi daga yaro 1 cikin 150 a 2000 zuwa 1 cikin 36 a 2020. Wasu suka ce rigar ta yi faɗi, masu iya magana sun danne muryar marasa iyawa, shi ya sa a 2021 wani kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya kawo shawarar a ware masu tsananin lalura da suna nasu.

Da farko na bi bayansu, domin takardar ba ta taɓa gaya mini abin da zan yi da yaro ƙarfe takwas na safe ba. Wannan a bakin iyaye mata nake samu: me yake ci, me ke firgita shi, yaya yake nuna yana jin fitsari.

Mahaifiyar yaron ce ta rage mini zafi. Na ce, "Hajiya, anya naki ma yana buƙatar wannan suna?" Ta gyara mayafi, ta ce, "Malama, kafin takardar nan taurin kai ake ce masa. A Islamiyya bulala, a gida hayaƙi da rubutu, kakarsa ta dage aljanu ne. Ranar da babansa ya ji bayani daga bakin likita ya ajiye dorina."

A jakarta take yawo da takardar, an yi mata leda, ta kai wa malamin Islamiyyar ma kwafi.