Abin da aikin kwashe fina-finai daga faifai ya koya min

Duk wanda ya ji an ce kwamfuta na iya kwashe fim daga faifan DVD da kanta sai ya ɗauka shi kenan, zuba faifai kawai za ka yi ka tafi harkarka. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma fa sai in faifan irin na kamfani ne mai tsafta, wanda namu yawanci ba haka suke ba. A shagon da nake aiki abin da ake kawo mana shi ne faifan biki da na suna da walimar sauka da wa'azi, sai kuma tsofaffin fina-finan Hausa da masu su ke kawowa cikin buhu ko kwali suna so a mayar musu fayil tunda kasuwar faifai ta mutu, kowa ya koma waya da YouTube, ko a Ƙofar Wambai da a da ba ka samun wurin taka ƙafa saboda 'yan sarin kaset yanzu labari ya sha bamban.

Tsarin da muka haɗa ba wani abin mamaki ba ne. Tsohuwar kwamfuta ce mai Linux da na'urorin karanta faifai a jikinta, muka ɗora mata wata manhaja mai suna Automatic Ripping Machine, wadda kyauta ce. Da ka tura faifai kwamfutar za ta ji an saka wani abu, ta duba ko DVD ne ko Blu-ray ko faifan waƙa, in fim ne ta kira manhajar MakeMKV ya kwashe hoton da sautin yadda suke ba tare da ya rage komai ba, daga nan HandBrake ya karɓa ya matse shi ya zama ƙarami, in an gama karantawa tiren ya buɗe da kansa ya turo maka faifan. Wallahi ranar farko da ka ga tire ya fito da kansa sai ka ji kamar ka gama da duniya.

Inda gizo ke saƙar shi ne suna. Shi wannan tsarin yana karanta lakabin da aka rubuta a cikin faifan ne, sai ya je intanet ya tambayi rumbun bayanan fina-finai irin su OMDb wane fim ne wannan, wace shekara. In fim ɗin Amurka ne ko wani babban fim ɗin Indiya nan take zai gane. To namu fa? Wanda ya ƙona faifan a shagonsa bai damu da lakabi ba, abin da za ka tarar DVD_VIDEO ne ko NEW ko wasu lambobi, faifai ashirin duk sunansu ɗaya, rumbun kuma bai san yawancin fina-finanmu ba balle bikin 'yar wani alhaji. Wani lokacin ma sai ya yi karambani ya liƙa wa wa'azin malam sunan wani fim ɗin turawa saboda lakabin ya yi kama, abin dariya abin takaici. Shi ya sa muka kashe wannan neman sunan gaba ɗaya. Yanzu kowane faifai kafin ya shiga sai an rubuta masa lamba da alƙalamin maka a tsakiyarsa wajen ramin nan inda babu bayanai, a ɗauki hoton kwalinsa da waya, a shigar da lambar da sunan fim da mai shi a littafi, folda kuma ta ɗauki wannan lambar. Wannan aikin hannun shi ke cin lokaci fiye da kwashewar ita kanta kuma babu manhajar da za ta yi maka shi.

Sai VCD, wanda shi ne rabin abin da ke cikin buhunan nan. MakeMKV bai san da zamansa ba sam. Fim ɗin yana cikin wata folda MPEGAV, sunan fayil ɗin AVSEQ01.DAT, girman hoton ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsaye ne kacal, faifai ɗaya bai wuce ya ɗauki minti 74 zuwa 80 ba, shi ya sa dogon fim sai an raba shi faifai biyu. Dole muka yi masa tasa hanyar daban da ffmpeg, wata manhajar sauya fayil ɗin bidiyo. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa za a mayar maka da VCD ya zama HD, abin da babu shi a faifan ba zai fito ba, in ka buɗa shi fayil ne kawai zai yi nauyi fuskar jarumi na nan a dusashe. Kwastoma sun sha yi min wannan tambayar, gara ka gaya musu gaskiya tun kafin su biya.

Abu mafi muhimmanci da na koya, a raba kwashewa da matsewa. DVD mai hawa ɗaya (single layer) yana ɗaukar 4.7 GB, mai hawa biyu (dual layer) 8.5 GB, in ka matse da H.264, wato wani tsarin matse bidiyo, fim zai iya komawa kusan 1 GB ko ƙasa da haka, to zuciya za ta ce maka goge babban ka huta tunda had-disk tsada gare shi. Kada ka goge. Matsewa kana iya sake ta gobe ko baɗi in ka ga saitin bai yi ba, amma faifan da ya karantu yau da ƙyar ba lallai ya sake karantuwa ba. Faifan da aka ƙona a kwamfuta, DVD-R ɗin nan mai shunayya a ƙasa, rini ne a cikinsa, zafi da rana suna cinye shi a hankali, ga ƙurar hunturu ga karce, ka san yadda ake ajiye su a gida, cikin leda a saman durowa ko a mota. Irin waɗannan ddrescue muke sa musu, wata manhajar ceto bayanai, shi yana fara kwashe inda ke da lafiya ya tsallake inda ya lalace sannan ya dawo yana lallaɓa wurin, kuma yana ajiye bayanin inda ya tsaya, ko an ɗauke wuta in ta dawo daga nan zai ci gaba. Faifan da wata na'ura ta ƙi sau da yawa wata tana karɓa, don haka tsofaffin na'urorin da ake watsarwa ni tara su nake.

Wajen matsewa ma akwai ƙananan abubuwa. Faifanmu yawanci PAL ne, wato tsarin hoton talabijin da ake amfani da shi a nan, ɗigo 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, kuma abin da aka ɗauka da kyamarar biki in ba ka kunna masa saitin Decomb a HandBrake ba, za ka ga gefen hannun mai rawa ya zama layi-layi kamar haƙoran mataji. RF, wato ma'aunin kyawun hoto a HandBrake, 20 muke bari ga DVD, ya wadatar. H.265, tsarin matsewar da ya zo bayan H.264, ya fi ƙanƙanta fayil amma ƙananan wayoyi da tsofaffin talabijin masu filash ba duka ke buɗe shi ba, mutum zai dawo yana cewa ka ba shi fim ba hoto sai murya, saboda haka MP4 da H.264 muke bayarwa a zauna lafiya.

Ga kuma faifan nan na fim goma a faifai ɗaya, ko wanda ke da tallace-tallace a gaba. Kwamfuta tsawo take dubawa, wanda ya fi tsawo shi ne fim a wurinta, MakeMKV ma yana watsar da duk abin da bai kai daƙiƙa 120 ba in ba ka canza ba, ta haka 'yar gajeriyar addu'ar ɗaurin aure za ta iya salwanta ba wanda ya sani. Mun rage lambar, a kwashe komai, mutum ya zaɓa daga baya.

Maganar haƙƙin mallaka kuwa, mai gidanmu bai wasa da ita. Bikinka ne ko fim ɗinka ne bismilla, amma ka ɗauko fim ɗin wani ka ce a kwashe maka ka je kana turawa a waya, ba da mu ba, 'yan fim sun ji jiki da wannan harkar tun zamanin faifai.

Kuma in tire ya buɗe ba yana nufin aiki ya yi kyau ba, yana nufin manhajar ta daina ne kawai. Kowane fayil sai na buɗe shi a VLC na duba farko, na ja tsakiya, na ja ƙarshe, na ga ko baki da murya suna tafiya tare, na gwada tsawonsa da na faifan. In ya wuce sai a kwafa shi a had-disk biyu, ɗaya a shago ɗaya a gidan mai gida, sannan a kira mai faifai ya zo ya karɓi kayansa, faifan ma muna ce masa ya ajiye kada ya yar.