Rumfar abinci a kasuwar manoma: aikin da agogo ke jagoranta

Masu tsayawa a gaban rumfata suna zaton girki ne wahalar sana'ar nan, alhali shi ne mafi sauƙi a cikinta. Kasuwar manoma sau ɗaya take ci a mako, cikin 'yan sa'o'i ta cika ta batse, kafin ka ankara ta watse. Duk abin da ban kammala tun jiya da daddare ba, to ya wuce ni sai wani makon.

Kafin in kafa tukunya sai da na bi ta hannun masu kula da kasuwa da jami'an duba-gari. Sun duba inda nake girki, da ruwan da nake amfani da shi, da yadda zan kai abincin. Kowace kasuwa da nata sharuɗɗan, don haka a je a tambaya tun kafin a kashe kuɗi a kan kaya. Kuɗin rumfa kuwa biyansa ake yi, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Abinci iri biyu nake sayarwa, in ya yi yawa uku. 'Yan uwa sun sha ba ni shawarar in ƙara, ni kuma na ƙi, don ba a tauna taura biyu a lokaci guda. Lissafin a fili yake: idan sallamar mutum ɗaya tana cin minti 3, mutum 20 kaɗai zan sallama a awa guda. Idan na dawo da ita minti 1, sun zama 60. Wanda ya riƙo jakar kayan miya a hannu, ga yaro yana jan rigarsa, ba zai tsaya dogon layi ba komai ƙamshin da ke tashi. Shi ya sa yanka da wanki da haɗa miya duk a gida ake gamawa. A rumfa zubawa ce kawai da miƙawa.

Inda na fi sa ido shi ne zafin abincin, don a nan ne sana'a ke mutuwa dare ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: a dafa abinci har cikinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Celsius, mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Tsakanin 5 da 60 ɗin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasunsu suna ninka yawansu duk bayan kamar minti 20. Shinkafa ta fi ba ni tsoro, ita da ake ganin ba ta da laifi. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da irinta ke tsira daga tafasa. Idan shinkafa ta huce ta daɗe a ajiye sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar. Ba wari, ba canjin launi, sai dai mutum ya koma gida ya kama amai. Saboda haka ba na fito da ita gaba ɗaya. Kashi-kashi nake fitarwa, sauran na rufe a cikin kula, kuma ina tsoma ɗan ma'aunin zafi lokaci-lokaci. Taɓa jikin tukunya da bayan hannu ba awo ba ne.

Hannun da ya karɓi kuɗi ba ya taɓa abinci. Ƙanena ne ke riƙe da kuɗi da canji, ni ina kan ludayi, ga bokiti mai famfo da sabulu a gefe inda kowa zai gani. Masu saye suna lura da wannan fiye da yadda suke faɗa.

Ribar da ban yi tsammani ba daga maƙwabtana manoma ta fito. Idan kasuwa ta doshi tashi, akwai tumatirin da ya ɗan fashe da kabewar da ta karkace, lafiyarsu ƙalau amma ido ya ƙi su. Akwai wani dattijo a kusa da ni, nakan leƙa in ce, "Baba, me ya rage?" Sai ya haɗa mini cikin rahusa, ya huta da ɗaukar kaya zuwa gida. Mai saurin lalacewa a daren nan nake dafa shi in sa a firiza, irin su albasa da kabewa kuma suna iya jira. Idan mai saye ya yaba miya, sai in nuna masa rumfar da kayan suka fito, ya wuce can ya saya. Manoman ma da yunwa ta kama su wurina suke zuwa.

Sai lissafi, wanda ba shi da daɗi amma dole. Ina ƙoƙarin kada kayan haɗi su wuce kashi ɗaya bisa uku na kuɗin kwano, don ragowar ba riba ba ce tukuna: ga gas, ga robobin zubawa, ga kuɗin mota, ga ladan ƙanena, ga kuma gumina, wanda masu fara sana'a suka fi mantawa da shi. Ina da ɗan littafi da nake rubuta abin da na dafa, da lokacin da ya ƙare, da yadda gari ya kasance. Daga shi na gane cewa gara abinci ya ƙare saura rabin awa a tashi da in koma gida da rabin tukunya, tunda abin da ya yini a rumfa ba na sake sayar da shi. Ranar da aka ce za a yi ruwa, tun a gida nake rage awo, in ƙara abin sha mai zafi.